Shekarar da Aka Buɗe Rumbun Isuhu

Ƴaƴana, akwai maganar da nake so in daidaita tun ina da sauran gani da ƙarfin riƙe alƙalami. Kun tashi kun tarar ana ba da labarin shekarar da aka buɗe rumbun Isuhu maƙwabcinmu, kuma na san iri biyu kuka ji. A bakin wasu, ubanku ya ci amana. A bakin wasu kuma, musamman tun da furfura ta rufe ni mutane suka fara yi mini kara, ubanku namiji ne da ya ceci yara daga yunwa. Na farkon yana ƙona mini rai, amma na biyun ya fi hana ni sakewa, domin yabon ba nawa ba ne. Na innarku Rabi ne, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa buɗe baki ta ce a mayar mata da abinta ba.

Kun san halina, ba sai na ɓoye ba. Ni mutum ne mai wasuwasi. In na ɗaure akuya na yi taku goma, sai na koma na taɓa igiyar. In na rufe ƙofa sai na dawo na tura ta in ji. Innarku takan ce buta biyu ake cika mini, ɗaya ta alwala ɗaya ta shakka. Na yi lakwal, wato boko, har aji shida ban samu wucewa ba, domin ranar jarrabawa na tsaya ina goge amsar farko ina sake rubuta ta har mushe, malaminmu, ya zo ya zare takardar daga hannuna. Wannan ɗan karatun da wannan halin su suka sa garinmu, nan tsakanin Kona da Tasawa, ya mai da ni wurin ajiya. Mai tafiya biɗa, wato ci-rani, ya kawo mini takardar gonarsa, tsohuwa ta kawo katin rigakafin jikanta, ina da akwatin ƙarfe da na cika da kayan mutane. Ana cewa abin da aka ba Abdu ko ɓera bai isa ya sansana ba. Ina jin daɗin wannan maganar fiye da yadda ya kamata, yanzu ne nake iya faɗa.

Isuhu kuwa zana ɗaya ta raba gidajenmu, kuma rana ɗaya aka yi mana kaciya. Mutum ne mai zafin nama, mai gajerar magana, in ya ce a'a ko uwarsa ba ta sake tambaya. Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan, domin sauran labarin zai iya sa ku zaci haka.

Ku da kuka saba sayen hatsi a tiya a kasuwa, sai na bayyana muku yadda muke yi. In an gama girbi, maigida yakan jera damman gandu cikin babban rumbu a bayan gari, a ɗora jinka a ɗaure, ba a sake taɓawa sai damina ta faɗi. Wannan shi ne abincin noma. Da rani mata ke riƙe gida da abin da suka samu a gamanarsu, ƴar gonar da ake yanka musu, da ɗan abin da miji ya aiko daga biɗa. Mace ba ta leƙa rumbun mijinta, ko a tsaye yake babu ɗauri. Jinkar kuma tana da nauyi, sai maza huɗu sun kama kafin ta ɗagu, saboda haka babu wanda ke buɗe rumbu a ɓoye. Duk wanda ya buɗe, gari ya gani.

A shekarar da nake magana damina ta ɗauke da wuri, hatsi ya yi kai amma bai cika ido ba. Isuhu ya samu abin da ya kai rabin rumbu da ɗan ɗori. Ranar da zai tafi arewa ya kira ni, muka je bayan gari, ya kama hannuna ya ɗora a kan igiyar da ya ɗaure jinkar da ita.

"Abdu, ka ga ƙullin nan?"

"Na gani."

"Ba a kwance shi sai ruwan shuka ya sauka, ko ka ji muryata da kunnenka. Ban da biyun nan babu."

"In wani abu ya taso fa?"

"Abin da ya sa na ba ka ke nan ban ba ƙanena ba. Shi da an yi mishi kuka sau ɗaya zai buɗe. Ka tuna shekarar da na buɗe da wuri? Tsakiyar noma abinci ya ƙare, na koma barema, ina noman lada a gonar wani, tawa ciyawa ta cinye. Ba zan sake ba. Zan riƙa aikowa, Dije ba za ta rasa ba."

Na ce na karɓa. Na ma ji wani daɗi a raina da aka fifita ni a kan ɗan'uwa na jini.

Wata biyu na farko ya aiko, ya kuma kira sau biyu a wayar wani mai shago a Kona, domin lokacin waya ba ta yawaita a ƙauye ba. Daga nan shiru. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, ba saƙo ba labari. Ya bar matarsa Dije da ɗiya uku, ƙaramar tana goye, ita ce Nana da kuka sani, wadda ke aure a Mayahi yanzu. Dije mace ce mai kunya da riƙon kai. Kullum da asuba za ka ji taɓaryarta ta bayan zana, kullum za ta gaishe ka da fara'a, don haka ni ban ga komi ba. Innarku ce ta ji. Wata safiya tana tsaye da taɓarya a hannu sai na ga ta dakata ta karkata kai.

"Malam, saurara."

"Mi zan saurara? Dije ce ke daka."

"Ba hatsi ba ne cikin turmin can. Dusa ce. Kwana huɗu ke nan ina ji. Turmi mai hatsi amsawa yake yi a ƙasa, wanga a sama yake tsayawa."

"To don mi za ta daka dusa?"

"Don mu ji daka."

Na daɗe ina juya wannan a raina, yadda mace ke sauraren gidan maƙwabciyarta ta cikin ƙarar turmi, ni kuwa da nake taƙama da lura ban san komi ba sai ƙullin igiya. Da yamma na leƙa ta inda zanar ta ɓule, na ga ƙwarya uku a jere an jiƙa ɗiyan anza ana sauya musu ruwa don ɗacin ya fita. Wanda ya ga dilo, wannan abincin yunwa na anza, a tsakar gida ya san inda aka kai.

Rabi ba ta fara da ni ba, ta fara da abin da ke hannunta. Ba ta taɓa aika wa Dije abinci da sunan taimako ba. Yau ta ce miyarta ta yi gishiri, Dije ta ɗanɗana mata ta faɗi gaskiya, sai ga akushi cike. Gobe ta ce bayanta na ciwo, Dije ta zo ta kama mata surfe, in an gama a raba. Haka ta riƙe gida biyu kusan wata guda. Amma mu ma ba mu da yalwa, kuna nan ku huɗu a lokacin, kuma hurar da ake dama muku ta fara zama ruwa ina gani. Ranar da aka kai Nana likita a Kona, aka ce ba wata cuta ba ce, uwar ce ba ta ci har nono ya janye, ranar ce Rabi ta zo ta durƙusa gefen tabarmata.

"Malam, a buɗe rumbun can."

"Ba nawa ba ne, Rabi. Amana ce."

"Na sani. Don wa ya ajiye shi?"

"Don noma."

"In an yi noman wa zai ci?"

Na tashi na shiga abin da na fi iyawa, wato neman wanda zai ɗauke mini nauyi. Sau uku na taka har Kona ina sa mai shago ya gwada lambar da Isuhu ya taɓa kira da ita, muna hawa tudu muna neman rezo, wato sabis, ba ta shiga. Na je wajen liman, ya saurare ni har ƙarshe ya ce amana tana da nauyi, yunwar maƙwabci ma tana da nauyi. Na ce to wanne zan ɗauka. Ya ce da shi aka ba da ya san abin da zai yi, amma ni aka ba. Na je wajen maigari, ya ce in na buɗe zai tsaya shaida, in ban buɗe ba ba zai ce mini komi ba. Na dawo gida na ɗauki kaye, littafin rubutuna, na ja layi a tsakiya, gefe ɗaya dalilan buɗewa, gefe ɗaya dalilan bari, kullum ina ƙara wa kowane gefe don kada wani ya rinjayi wani. Tuwo ya daina wuce mini. Ina ganin kaina mutumin da ya fi kowa wahala a garin, alhali ta bayan zana akwai jaririyar da kukanta ya koma kamar na ɗan mage.

Sai dabara ta zo mini, na kuma yi murna da ita kamar na tsinci wani abu. Ina da buhu ɗaya da na keɓe don azumi. Na ce in na ɗiba daga nan na ba Dije, ta ci, rumbu yana ɗaure, amana ta tsira, kowa ya huta. Na gaya wa Rabi ta kai. Ta ce ba za ta kai ba, ba ta kuma faɗi dalili ba. Na cika babbar ƙwarya da kaina, na zaga ta ƙofar gidan da rana tsaka, mutane na zaune gindin itacen bedi suna kallo, na yi sallama na ajiye na ce ga wannan a yi wa yara hura. Kafin la'asar sai ga ƙwaryar ta dawo ta saman zana, cike kamar yadda na kai ta, an rufe da faifai, an ɗora daddawa uku a kai. Na ji muryar Dije a hankali daga can gefen.

"Malam Abdu, an gode, Allah shi saka. Amma maigidan ya bar muna abinci. Ba mu rasa ba."

Na tsaya da ƙwarya a hannu ban san inda zan ajiye ta ba. Rabi ta karɓa ta kai ɗaki, ta dawo ta zauna a kan turmin da ta kwantar, ta bari sai da yara suka fita. Ba ta ɗaga murya ba. A zamanmu duka ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba.

"Ka ga abin da ya sa ban kai ba. Matar da rumbun mijinta ke tsaye ana gani, ka kai mata sadaka gaban mutane. Ka ce wa gari mijinta ya gaza, ka ce ita maroƙiya ce, duk don hannunka shi hita da tsabta."

"Tsoron Allah nake yi, Rabi."

"Malam, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Shekara goma sha biyar ina zuba maka ruwan alwala, na san lokacin da kake tsoron Allah. Wanga tsoron Isuhu ne. Kana tsoron ranar da zai tsaya gabanka, kana kuma tsoron a daina cewa abin da aka ba Abdu ba ya taɓuwa."

Na so in yi fushi, na nemi fushin ban same shi ba. Na ce to in na buɗe, abinci ya ƙare tsakiyar noma kamar yadda ya faɗa fa? Ina jiran ta ce ba zai ƙare ba, Allah zai kawo. Ba ta ce haka ba.

"Shina iya ƙarewa. Shina iya yin hushi har mutuwa. Ba ni da tabbas ɗin da kake nema, kuma ba wanda zai ba ka shi. In hushin ya zo, gidan nan zai zo, mu biyu zai tarar. Ni mace ce, ba na taɓa jinka. Amma gobe in na gama aikina zan je gindin rumbun in zauna. In ka zo, to. In ba ka zo ba, zan dawo in tuƙa maka tuwo, ba zan ƙara yi maka maganar ba."

Haka kuwa ta yi. Da hantsi ta ɗauki tabarma da kabar faifanta ta tafi bayan gari ta zauna a ɗan inuwar rumbun Isuhu. Ku tuna bazara ce, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, inuwar rumbu kuwa in rana ta take guduwa take yi ta shige ƙarƙashi. Masu wucewa suka riƙa tambayarta lafiya, tana cewa lafiya lau, Malam take jira. Ba ta ce zai buɗe ba, ba ta ce ba zai buɗe ba. Ni kuwa na wuni ina zagaye. Sau biyu na bi ta nesa kamar mai neman akuya. Tsofaffin gindin bedi suka samu abin yi.

"Abdu, an ce uwargida ta tare a sabon ɗaki bayan gari. Ba a gayyace mu buɗar kai ba."

"Ku bar shi, shina lissahin ko ƙahwar dama zai hwara ɗagawa ko ta hagu."

Da la'asar ta dawo idanunta sun yi ja, ta ɗaure kai da ɗankwali don ciwo, ta tuƙa tuwo ta kawo mini da ruwan wanke hannu kamar kullum, ta tambaye ni ko miya ta yi. Da ta yi mini gori da na samu abin riƙewa. Ba ta ba ni ba.

Rana ta biyu ta sake komawa, ni ma na sake bi ta nesa, na laɓe bayan wani gawo. Sai na hango Dije ta fito daga gari da ƴar ƙwarya a hannu, Nana a bayanta, kan yarinyar na lilo. Ruwa ta kawo wa Rabi. Ta durƙusa ta miƙa mata, ta zauna a bakin tabarmar. Abin da na lura da shi, wanda har yau in na rufe ido ina gani, shi ne ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta dubi rumbun ba. Abincin ɗiyanta na saman kanta, tsakaninta da shi bai fi kamu biyu ba, ta juya masa baya tana taya innarku tsaga kaba. Ita ta riƙe nata alkawarin da yunwa a cikinta. Ni kuwa ina riƙe da nawa da cikin wasu. Ban san lokacin da na juya na nufi gidan maigari ba. Ba zan ce muku shakka ta bar ni ba, tare muka tafi da ita, tana ce mini koma, ƙafafuna na tafiya.

Muka zo da maigari da maza huɗu da tsani. Matan suka tashi suka ja gefe. Na hau na kama ƙullin, igiyar ta bushe ta ƙanƙame. Wani ya miƙo wuƙa. Daga inda take tsaye Rabi ta ce, ba da ƙarfi ba, a bar wuƙa, igiyar mutum ce, a kwance a mayar masa da abinsa. Na sa haƙori na sa farce har ta saki. Aka ɗaga jinka na shiga. Hatsin na nan lafiya, ba gara ba ɓera. Na faɗi wannan domin daga baya wasu masu son gyara mini labari sun ce wai na tarar gara ta fara ci, buɗewar ma ceto ce. Ƙarya ce. Da an bar shi da ya kai damina ba abin da ya same shi. Na ga damman iri Isuhu ya ware su gefe ɗaya ya ɗaure da kaba, ban taɓa su ba. Na miƙo dami huɗu. Rabi ta ce wa maigari, ba ni ba, a ƙara biyu, kada a riƙa tara maza kowane mako ana kallon gidan mutane. Aka ƙara. Washegari da asuba Rabi ta tsaya da taɓarya ta karkata kai, ta saurara, sannan ta ci gaba da dakanta.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, sai da muka ɗaga jinkar sau uku kafin ya sauka. Da ya sauka na fitar da irin, ni da ƙanen Isuhu muka shuka masa gonarsa. Ana cikin noman fari Isuhu ya dawo, ya rame har ban gane shi daga nesa ba. Ashe ciwo ya kwantar da shi a can, da ya tashi kuma aka tsare su a hanya don rashin takardu, ya iso da rigar jikinsa kawai. Bai kwana ba sai da ya je bayan gari ya sa aka ɗaga masa ya duba. Ina zaune a ƙofar gida ya zo ya tsaya a kaina. Makonni na yi ina shirya jawabin da zan yi masa, da farkonsa da ƙarshensa, duk ya gudu.

"Ruwa ne ya sauka, ko muryata ka ji?"

"Ko ɗaya."

"To wa ya kwance?"

Ƴaƴana, sunan innarku ya zo har bakina. Ina jin motsinta a bayan ƙofa, na san tana ji, na kuma san in na faɗa ba za ta musa ba. Na haɗiye shi.

"Ni na kwance."

Ya dube ni.

"Da ma ƙanena na ba."

Ya juya ya shiga gida. In akwai wani abu na ƙwarai da ni kaina na yi a wannan shekarar, to haɗiye sunan nan ne, shi ma a wajenta na koya cikin kwana biyun da ta yi a rana.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru. Kafin maimai, noma na biyu, rumbun ya ƙare, Isuhu ya saɓa hauya ya tafi barema a gonar wani ɗan kasuwa, ana biyansa da tiyar hatsi, tasa gonar ciyawa ta fara rufe ta. Ya yi gaskiya, kuma ina son ku san ya yi gaskiya. Ni na koma cikin halina, ina rubuta wasiƙar ban haƙuri ina yagewa, ina tunanin wanda zan aika ya roƙar mini shi. Rabi ta same ni da kaye a cinya.

"Malam, takarda ba ta kashe ciyawa. Ɗauki hauya."

Muka riƙa yin tamu gonar da safe, in rana ta karkata mu wuce ta Isuhu. Ba ta nemi izninsa ba, ba ta kuma bari a gaya masa ba. Kwana na huɗu ya dawo daga barema ya same mu a ciki. Na tsaya cak ina jiran ya kore mu. Rabi ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya tsaya a bakin gona kamar zai yi magana, sai ya zaga can ɗaya ƙarshen ya sa hauyarsa. Muka yi ta matsowa, shi daga gabas mu daga yamma, har muka haɗu a tsakiya, ya saɓa hauya ya tafi ba sannu ba na gode. Gonakin biyu duka ba su yi kirki ba a shekarar, domin an raba musu ƙarfi. Awakin innarku biyu da take ji da su suka tafi kasuwar Tasawa kafin kaka. Ban taɓa jin ta ambace su ba.

Daga nan tsakanina da Isuhu sai sallama a masallaci. Ya sake zanar da ta raba mu da sabuwa mai tsawo, ko da yake matan sun ci gaba da miƙa wa juna akushi ta samanta, sai dai su yi ɗage. Mutum uku suka zo suka karɓi takardunsu daga akwatina, kowanne da ɗan uzurinsa. Na zaci abin zai kashe ni, sai na ga ina cin tuwona. Ban warke daga wasuwasi ba, kun sani, ko jiya sau biyu na koma na duba ƙofar garke. Abin da ya sauya ɗaya ne. In tsoro ya kama ni yanzu nakan tsaya in tambayi kaina wa zai cutu, wani ne ko sunana, kuma sau da yawa amsar tana ba ni kunya. Innarku ba ta yi lakwal ko na kwana ɗaya ba, ba ta taɓa zaunar da ni ta ce za ta koya mini wani abu ba. Tana yanke abin da ta ga ya dace da ɗan sanin da ke hannunta, in ya zo da hasara ta sunkuya ta ɗauka, ba ta tsayawa neman wanda za ta nuna. Shekara talatin da wani abu ina kallon wannan a tsakar gidana, a wajen rabon tuwo, a wajen jinyarku, a wajen rigingimun dangi, ina kiransa halin mata kawai.

Da ta rasu, kuna nan, kun ga jama'ar da ta taru. Amma akwai abin da ba ku gani ba, domin kuna cikin gida wajen baƙi. Ranar uku, bayan la'asar, mutane sun ɗan ragu, ina zaune ni kaɗai a tabarmar ƙofar gida, sai Isuhu ya fito da sandarsa. Ya riga ya yi mini gaisuwa tun ranar farko cikin jama'a, don haka na zaci masallaci za shi. Sai ya zo ya zauna a tabarmata, kafaɗarsa na taɓa tawa, abin da bai yi ba tun kafin tafiyarsa arewa.

"Abdu."

"Na'am."

"Ita ce ko?"

Ban tambaye shi wace magana ba.

"Ita ce."

Ya gyaɗa kai.

"Na sani tun ranar. Kai kaɗai, da yanzu kana can gindin rumbun kana shawara."

Dariya ta taso mini tare da hawaye, na rasa wadda zan tare. Shi ma ya sa gefen rawani ya goge fuska. Tambaya ta zo mini, irin tawa, ko ya yafe, ko har yanzu yana ganin na ci amanarsa, ko in da za a sake zai so a bar rumbun a ɗaure. Ta zo har haƙorana. Na bar ta a nan. Wasu baƙi daga Hawandawaki suka sauko daga amalanke suna neman mai gidan rasuwa, Isuhu ya gyara zama ya miƙa musu hannu, muka karɓi gaisuwar tare har aka kira magariba.